Ruwan Ogunpa Bai San Baƙo Ba

Mu mutanen Sabo ba a koya mana lissafi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu a bakin titi zai faɗa maka canjin dala na safe da na yamma, har ya ƙara maka da dalilin da ya sa suka bambanta. Dillalin shanu kallo ɗaya zai yi wa sa ya faɗi naman da zai fita a jikinsa, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. Mai goro ya san ranar da zai kwance huhu ya sake ganye, ya san goron da zai kai Kano lafiya da wanda zai lalace tun kafin a tsallake Jebba. Da wannan lissafin iyayenmu suka zauna a Badun, suka gina gidaje, suka sauke farali, suka aurar da mu. Kuma duk wanda ya tashi a gaban ɗan kasuwa ya haddace doka guda tun yana yaron shago: riba ake ci, ba a taɓa uwar kuɗi.

'Yan shekarun nan yaranmu sun fara shiga wani karatu da kunnen iyaye bai saba da shi ba. Wannan ta ce kimiyyar muhalli aka ba ta, wancan ya ce gandun daji, wani ya ce tsara birane da magudanan ruwa. A gidaje da yawa hirar iri ɗaya ce.

"Baba, sunana ya fito. Muhalli aka ba ni."

"Muhalli kuma? To kai ɗan nan, in ka gama a ina ake ɗaukar ku? Ko bola za ka riƙa kwashewa da digiri?"

Sai a yi dariya, yaro ya sunkuyar da kai. Amma tambayar Baba tambaya ce ta gaskiya. Mutumin da ya tara kuɗin makaranta a gaban tukubar tsire, hayaƙi na shiga masa ido har ƙarfe ɗayan dare, yana da ikon ya tambayi abin da zai saya da guminsa. Mu da aka haifa a unguwar nan, muka ɗan leƙa makaranta, muka kuma tsaya a kasuwa, muna ganin ya kamata a ba shi amsa da harshen da ya sani.

Amsar a taƙaice ita ce, karatun nan karatun uwar kuɗi ne. A 1987 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland, wadda ta yi firaministar Nowe, ya fitar da rahoton da ya yaɗa maganar ci gaba mai ɗorewa a duniya. Abin da suke nufi shi ne mutanen yau su biya buƙatarsu ta yadda na gobe ma za su sami abin biyan tasu. Ɗan Sabo zai ce, yo ai wannan ba sabon abu ba ne. Daji uwar kuɗi ne, itacen da yake tohowa kowace shekara shi ne ribar. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa uwar kuɗi ne, abin da damina ta mayar a ciki shi ne ribar. Ƙarfin gona, kifin kogi, ciyawar makiyaya, duk haka suke. Bambancin kawai, wannan jarin babu wanda ya rubuta shi a littafi, babu maigidan da zai zo ƙarshen wata ya ce a kawo lissafi. Shi ya sa ake iya cinye shi shekara da shekaru ana ganin ciniki ne yake kyau. Ranar da asarar za ta fito, ba ta sallama.

Mu a Badun mun san ranakun da ta fito. Ranar 31 ga Agustan 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, Bola Ige na gwamnan Oyo, Ogunpa ta cika ta tumbatsa ta bi gidaje da kasuwanni, ta tafi da rayuka masu yawa, ta raba dubbai da matsuguninsu. Maƙwabtanmu Yarbawa suka sa wa abin suna Omiyale, wato ruwa ya shigo gida. Tsofaffinmu har yau da shi suke kwatance, a ce wane an haife shi shekarar Omiyale. Kafin nan ma ta yi a 1963 da 1978. Bayan haka aka yi shekaru ana yashe ta ana yi mata bango da siminti, mutane suka ce shi ke nan, an huta. Sai ga daren Juma'a 26 ga Agustan 2011, ana cikin goman ƙarshe na azumi, mata na ta shirin sallah. Cikin 'yan sa'o'i aka yi ruwan da ya kai kusan milimita 187. Wannan karon kogin Ona da ƙananan rafuka suka fi ɓarna. Madatsar Eleyele ta yi ambaliya, gadar Apete ta karye, Odo-Ona ta zama tafki. Sama da mutum ɗari suka rasu. Sai da jihar ta karɓo rancen dala miliyan 200 daga Bankin Duniya a 2014 don gyaran magudanai da gadoji.

Mun ji masu cewa ruwa na Allah ne, babu mai tare shi. Haka ne, babu wanda ya ce shi ya saukar da shi. Amma inda ruwan yake bi bayan ya sauka, da hannun mutum a ciki, kuma wannan shi ne abin da yaran nan suke koyo. Ga lissafin da ɗan ga-ruwa zai gane nan take. Ruwan milimita 187 in ya sauka a kan hekta ɗaya, wato fili da ya ɗan ɗara filin ƙwallo, ya kai kusan jarka dubu 75 mai cin lita 25. In filin nan daji ne, ganye zai tare wani, saiwa da ruɓaɓɓen ganye su shanye wani, ragowar ya gangara a hankali. In kwano ne da siminti da kwalta, kusan duka zai taho lokaci guda, kuma Badun gari ne na tuddai, daga Mokola zuwa Oke-Are zuwa Mapo, komai gangarowa yake yi. To sai ruwan ya iso kwalbati ya tarar da ita cike da leda, robar lemo, tsohuwar katifa da ƙashin shanu. Ina zai bi? Ai ɗakin wani zai shiga.

Kowa a garin nan ya san al'adar da ake yi da zarar hadari ya haɗo. Ana fara yayyafi sai ka ga yara da bokitin shara sun nufi kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ana yi a Sabo, ana yi a Oke-Ado, ana yi a Beere, babu ƙabilar da ta fi wata. Mai yi ba mugu ba ne. Sau da yawa motar shara ba ta shigo layinsu ba, ko kuɗin da ake karɓa ya fi ƙarfinsa. Sai dai ruwa bai tafi da komai ba, matsar da shi ya yi. Ledar da ta bar ƙofar gidanmu tana can ta toshe gada a Molete, kuma wadda ta kwana a kan tebur da jariri a hannu ba ta san sunanmu ba, mu ma ba mu san nata ba. A nan ne maganar ta tashi daga kimiyya ta koma maganar haƙƙi. Duk mun tashi da sanin girman haƙƙin maƙwabci. Abin da karatun muhalli ya ƙara mana shi ne faɗin maƙwabtakar. Wanda ruwanka yake gangarawa wurinsa maƙwabcinka ne ko da tafiyar awa ɗaya ce tsakaninku. Wanda hayaƙinka yake shiga ƙirjinsa maƙwabcinka ne. Jikan da ba a haifa ba, wanda zai sha daga rijiyar gidan nan, shi ma yana cikin layi.

Akwai wata magana da ta fi wannan nauyi a unguwa irin tamu, gara mu faɗe ta a fili. Da yawa a cikinmu zuciyarsu na gaya musu nan ba gida ba ne. Ci-rani aka zo, gida yana Kano, yana Sakkwato, yana Katsina ko Maraɗi. In an sami kuɗi a can ake gini mai kyau, a can ake dasa mangwaro da darbejiya. Nan kuwa ko ina aka sa kai ya yi. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. To amma an kafa Sabo tun 1916, shekara goma sha biyar bayan jirgin ƙasa ya iso Badun. Bature mai bincike Abner Cohen da ya zauna cikinmu farkon shekarun 1960 ya tarar da unguwa ce kafaffiya da sarkinta da fatomanta da malamanta. Kakanninmu a nan suke kwance. Akwai jikokin jikoki da ba su taɓa yin wata uku a jere a Arewa ba, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa. Shekara ɗari da ɗoriya ta wuce raɓa.

Ba mu manta da abin da yake sa mutane ɗari-ɗari ba. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021, ya ga yadda dukiyar shekara talatin ta zama toka a yini guda, ba za ka ga laifinsa ba in ya ce shi ba zai dasa abin da ba zai iya ɗauka ya gudu da shi ba. Ga kuma yawancinmu haya muke, kuma a ƙasar nan dasa itace mai daɗewa a filin wani ana iya fassara shi da neman mallaka, dole sai da yardar mai ƙasa. Waɗannan dalilai ne na gaske. Amma mu duba ɗaya gefen. Kwalara in ta shigo ba ta tambayar takardar fili. Zazzaɓin da sauron kwatar ƙofar gida yake kawowa 'ya'yanmu yake kamawa, ba 'ya'yan mai gidan da ke zaune a Bodija ba. Sa'annan duk mai neman abin da zai faɗa a kanmu, ƙazanta ce kalmar farko da yake ɗauka, kuma da ita ake fara maganar tayar da kasuwa ko rushe rumfuna. Unguwar da ta gyara magudananta, ta san inda shararta take zuwa, ta fi wuyar tayarwa. Kula da wurin da kake zaune yana daga cikin abin da yake tabbatar da zamanka.

Mu zo kan sana'o'inmu, don a nan ne abin yake da zafi. Sabo ta yi suna da tsire da balangu, mutane na zuwa daga Ring Road da Akobo don su ci. Tukuba kuwa da itace da gawayi take aiki, haka mai shayi, haka mai tuwo, haka uwar gida in gas ya yi tsada. Gawayin nan mafi yawansa daga Oke-Ogun yake fitowa, wajen Saki da Iseyin. A yadda ake ƙona shi cikin rami a rufe da ƙasa, sai an ci kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Kuma masu ƙonawa itace mai tauri suke nema don shi ne ba ya saurin zama toka, kaɗanya na cikin waɗanda suka fi so. Ita kuwa kaɗanya sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, daga nan ta yi ta ciyar da matan ƙauye da man kaɗe har jikokinsu. A sare ta a yini ɗaya, a ƙone ta a mako ɗaya, mu gasa nama da ita a dare biyu.

To me za a ce wa mai tsire, ya daina? Ya ci me? Duk ilimin da zai fara da ɗora wa talaka laifi, ya bar masu loda gawayi a kwantena zuwa ƙasashen waje, ba mu da buƙatarsa. Abin da muke so daga yaron da ya yi karatun shi ne ya zo ya tsuguna gaban tukuba ya duba ta. Ina zafi yake zurarewa? In an gyara bakinta, an rage iskar da ke shiga, buhu nawa za a rage a wata? Murhun zamani mai riƙe zafi da ake ta magana, wanne ne yake aiki da gaske, wanne ne na hoto? Mai tsire in ya ga buhu huɗu sun koma uku, ba sai an yi masa wa'azi ba. Ribarsa ta ƙaru, kaɗanya ɗaya ta tsira a Saki.

Kuma kada a ce daji in ya tafi ya tafi ke nan. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna akasin haka. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakinsu sun zama fili fetal, iska na binne shuka da yashi. Maimakon jiran a kawo musu dashe, sai manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran, su kare su daga awaki. Sassaben zamani suke ce masa. Da wannan aka dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili kimanin hekta miliyan biyar, mafi yawa ba da kuɗin gwamnati ba. Gawo na cikinsu, itacen da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da abinci. Manomi ya san halin gawo tun kafin a buɗe jami'a. Da yawa daga cikin masu tura baro da masu ga-ruwa a Mokola daga can suka fito, a gonar ubansu aka yi wannan aikin. Ɗalibinmu in yana da wayo zai saya musu shayi ya zauna ya yi tambaya.

Sai mayanka. Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tuna lokacin da ba ka isa mahauta ba sai ka hango ungulaye jere a kan rufi. Yau yaro zai iya gama firamare a Badun bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba. Tun 2015 masana suka sa irin ungulun da muka sani cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma cikin dalilan har da kama su ana sayar da kai da ƙafa ga masu haɗa magani da tsibbu. Wani zai ce to sai me, tsuntsun da ko kallo ba a so? A Indiya an ga sai me. Wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allura da shi, diklofinak, ya kashe sama da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulunsu kafin a hana shi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya zama abin tsoro. Ashe ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi. Ungulu dai ba ta jewar banza, rashinta ma ba a banza yake tafiya ba.

Tun da aka mayar da babbar mayanka daga Bodija zuwa Amosun a 2018 ake ta muhawara kan nisa da kuɗin mota, amma tambayoyin da suka shafi lafiyarmu suna nan ko'ina ake yanka. Jini da ƙazantar tumbi ina suke zuwa? In rafi suka shiga, wa yake wanka da wanki a ƙasa? Gandar da ake babbakewa da tsohuwar taya fa? Baƙin hayaƙin nan yana ɗauke da guba mai taɓa huhu, kuma mahaucin da ke tsaye a kansa daga asuba zuwa hantsi shi ne farkon wanda zai biya. Ƙazantar tumbin nan da ake rasa yadda za a yi da ita, a wasu wurare rufe ta ake yi a rami ta ba da iskar gas ta girki, ragowar ta zama taki. Da iskar da za ta fito daga cikin saniya za a iya babbake fatarta. Wannan ba tatsuniya ba ce, aiki ne na wanda ya koya.

Ita kanta dabbar tana da haƙƙi, kuma wannan mun san shi tun kafin kowane littafin Turawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara a Akinyele lokacin da ake sauke tirela ya ga yadda shanu suke isowa daga Maigatari ko Potiskum, kwana biyu ko uku a ɗaure, ƙaho a saƙale, wata ta karye, wata sai an yi sauri da wuƙa. Dillali zai ce asara ce, nama ya ragu. Gaskiya ne. Amma ko da ba a rasa kilo ɗaya ba, ƙishirwar da ta sha a hanya abin tambaya ce. A ajin yaran nan ana muhawara mai tsawo a kan wannan. Wasu masana na cewa a kula da halitta saboda amfanin da take yi wa ɗan Adam. Wasu na cewa tana da darajar kanta ko ba ta amfani kowa ba. Ƙasar Ekwado ta sa haƙƙin halitta cikin kundin tsarin mulkinta a 2008, Niyu Zilan kuma a 2017 ta ba kogin Whanganui matsayi a gaban shari'a kamar mutum, da wakilan da za su yi magana da yawunsa. Nan kusa da mu, kurmin Osun da ke Oshogbo ya tsira daga gatari saboda girman da masu shi suke ba shi, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2005. Mu kalmar da muka gada ita ce amana. Mai riƙon amana yana amfana da abin da ke hannunsa, amma ba nasa ba ne, kuma za a tambaye shi. Da wannan kalma ɗaya ɗalibinmu zai iya shiga waccan muhawara bai ji kunya ba.

Mu dawo kan ba'ar da Baba ya yi, ta kwashe bola da digiri. A duk garin nan babu masu yi wa muhalli aiki kamar 'yan bola da 'yan gwangwan, kuma yawancinsu yaranmu ne. Ƙarfe, alminiyom, tagulla, roba, kwali, su suke tsamo su daga juji su mayar da su masana'anta. Ba don su ba da Ogunpa ta daɗe da shaƙewa. Abin da suke samu a madadi shi ne zargin sata, kora da duka, da ciwon da ba su san sunansa ba. Yaron da yake ƙona waya don ya ciro tagulla, ko yake fasa tsohon batirin mota da hannu ya zubar da ruwansa a ƙasa, yana wasa da dalma. Mun san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ƙwaƙwalwar yaro take ci a hankali. Wa zai gaya wa ɗan gwangwan wannan da Hausar da zai gane, ba tare da raini ba? Wa zai tsaya tsakaninsu da hukuma a yi musu rajista da katin shaida, a san na kirki a san ɓata-gari? Jihar Legas ta hana farin mazubin abincin nan na soso tun Janairun 2024, kuma irin waɗannan dokoki yaɗuwa suke yi. In ba mu da namu a teburin da ake tsara su, sai dai mu ji a rediyo, washegari a zo kwashe kaya.

Ga shi kuwa makarantun a ƙofar gidanmu suke. Jami'ar Ibadan tun 1948 take nan. Cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa da kwalejinta suna Jericho, kuɗin okada ne daga Sabo. Cibiyar binciken noma ta IITA tana hanyar Oyo tun 1967, da kurminta da ta killace, wanda duk mai son ya ga yadda ƙasar nan take kafin gatari zai iya gani a can. Mutane na tahowa daga ƙasashe don su yi karatu a wuraren nan, mu muna wucewa ta gabansu da lodin albasa. Aiki kuma akwai shi, a ma'aikatun ruwa da na muhalli, a kamfanonin da doka ta tilasta musu auna illar aikinsu kafin su fara, a harkar sola da sarrafa shara. Ba mu ce kowa zai yi kuɗi ba. Amma wanda ya iya auna ruwa, ya iya karanta taswirar magudana, ya iya Hausa da Yarbanci da Turanci, ba zai rasa mai nemansa ba.

Saboda haka ga roƙonmu ga iyaye da shugabannin unguwa. Yaro ko yarinya in sun zo da wannan karatun, a sa musu albarka kamar yadda ake sa wa mai likitanci. Ƙungiyoyinmu na mahauta, na 'yan canji, na 'yan goro da na direbobi, kowace ta iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ba ta ji a jikinta ba. Ku kuma ɗalibai, bashi ne a kanku. Aikin binciken da za ku rubuta a shekarar ƙarshe, ku yi shi a kan Sabo. Ku ɗebi ruwan rijiyoyinmu ku kai ɗakin gwaji, ku auna tazarar da ke tsakanin rijiya da masai, tunda masana na son a bar kamar mita 30 kuma kowa ya san yadda gidajenmu suke a matse. Ku zana taswirar kwatocin unguwa, ku nuna inda take toshewa da dalili. Sa'annan ku kawo sakamakon fadar Sarki da ƙofar masallaci da islamiyyar matan aure, ku faɗe shi da Hausa, da ladabi, ba da Turancin burga ba. Takarda mai lambobi ita ce abin da shugabanninmu za su ajiye a gaban ƙaramar hukuma su ce ga inda muke son motar shara ta tsaya, ga kwalbatin da ta yi ƙanƙanta.

Sauranmu kuma ba sai mun jira kowa ya gama digiri ba. Ruwan farko a Badun yakan sauka wajen watan Maris. Kafin nan kowane layi zai iya fitowa Asabar ɗaya da shebur da baro, a yashe kwata, a kuma haɗa kuɗin motar da za ta kwashe abin da aka fitar a ranar, don in an bar shi a bakin hanya ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. A nemi maƙwabtanmu na Mokola su fito tare da mu, tunda kwatar ɗaya ce. A nemi izinin masu filin makaranta da na maƙabarta a dasa ko da itace ashirin ne, a ba kowane aji nasa ya riƙa ba shi ruwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da maƙwabtanmu daga sharrin ruwa.